Faifan da Na Ɓoye Ƙarƙashin Katifa

Shekarar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye a bayan Gangara, na bar iyalina a Gidan Rumji, domin ɗakin da aka ba ni a gefen lakol, wato makaranta, ko akuya aka kai sai ta yi ƙorafi. Mutanen ƙauyen suna da kirki, amma kirkin bai wuce gaisuwa ba. A ce maka "sannu Mushe", yadda ake kiran malamin lakol, a wuce. Idan yara suka tashi, sai ni da bango.

Abin ɗebe kewata shi ne 'yar talabijin da ke aiki da sola, da tarin faya-fayan wani tsohon shirin Turawa cikin Faransanci, wanda ban taɓa kai ƙarshensa ba. Mutanen duniyoyi biyu ne ke yaƙi a sararin sama. Duniyar wasu ta bushe, suna yawo cikin jirage suna neman wurin sauka, masu ruwa kuma sun ce ba a gidansu ba. Jiragen kamar murfin tukunya suke, wani lokaci har zaren da aka rataye su ana gani. Ina zaginsu, ina kallo.

Bayan girbi Fulani suka sauka a gonar da ke bayan lakol, shanu su ci kara, gona ta samu taki. Wata rana da la'asar dattijonsu ya zo sa wa wayarsa wuta. Ya tsuguna a bakin ƙofa, sanda a kan gwiwa, yana kallon jiragen da ke talabijin.

"Mushe, waɗanga mi ya haɗa su?"

Na yi masa bayani dalla-dalla, irin na malamin da ya daɗe bai samu babban mutum mai sauraro ba.

"Ashe faɗan rijiya ne," in ji shi. "Har can ma?"

Daga ranar bai ƙara fashi ba. Kullum bayan la'asar sai ya zo da 'yar ƙwaryar nono, daga bakin ƙofa ya dawo zama a gefen katifata. Ni ina fassara, shi yana yanke hukunci. Tun ranar farko ya shiga bayan masu yawo. Shugabansu kuwa ya sha faɗa a wurinsa, wai mutumin banza ne, ya je da makami inda ya kamata ya tura dattawa da goro. In faifai ya ƙare mukan zauna. Ya ba ni labarin matarsa da ta rasu a hanyar arewa, ni kuma na ba shi na autata, da ta fara tafiya ba na nan.

Wata rana na duba na ga faifai ɗaya ya rage. Na ce a raina, in labarin ya ƙare, me zai kawo wannan dattijo ɗakina? Sai na tura faifan ƙarƙashin katifa. Da ya zo na ce, "Baffa, na ƙarshen ya karce. Na ba direban taksi saƙo ya samo wani a Agiye."

Ya dube ni, ya ce Allah Ya kawo shi lafiya. Muka koma farko. Muka maimaita har ya haddace inda jirgi zai fashe, yana ɗaga sanda kafin ya fashe. Kullum in zai tashi sai ya tambaya, "Har yanzu ba su samu wurin sauka ba?" Ni kuma in ɗora wa direban da bai san ina yi ba laifi.

Ni ɗan manomi ne, amma son zuciya ya mantar da ni abin da kowane yaro ya sani: makiyayi ba ya kwana a gonar mutane in ruwan shuka ya sauka. Aka kira mu taron malamai a Gazawa, kwana biyu. A can ruwan ya same ni. Da na dawo, bayan lakol babu ko ɗan maraƙi, sai mai gonar da sungumi yana sara, 'ya'yansa na bin sa da iri.

Ya hango ni ya tsaya. "Mushe, tsohon nan ya bar maka saƙo. Ya ce ka fiddo faifan daga ƙarƙashin katifa, kar zama bisa ya fasa shi. Ya ce shi ma bai so labarin shi ƙare ba."

Na shiga ɗaki na zauna a inda yake zama. Kunya ta kama ni, sannan kewa ta biyo baya, irin wadda ban ji ba ko a makon farko.

A hutun shekarar aka sauya mini wurin aiki. Na tambayi makiyaya a kasuwanni, amma yaya za ka nemi mutumin da Baffa kawai ka sani? Faifan yana nan cikin akwatina. Yarana sun sha cewa mu sa, nakan ce ya karce.