Wuƙar ƙaho da ruwan goruba

Shekarar da aka tura ni koyarwa Kurawa, damina ta riga ta yi gardama sau ɗaya, mutane suna cewa ai ba ta yin biyu a jere. Na sauka gidan wani maƙeri da ya ba ni ɗaki a zaurensa. Dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, Baba nake ce mashi. Kayana akwati ɗaya ne da 'yar wuƙar aljihu mai naɗewa, mai jar ƙota, da na saya a kasuwar Isa. Ina ji da wuƙar nan ƙwarai.

Kullum bayan la'asar akan taru a maƙerar. Wanda ba ya fashi shi ne wani Bafulatani dogo, abokin wasan Baba, da rugarsa ke bayan gari. Ranar da na fara zama da su sai na fiddo wuƙata ina yanke farce, don dai a gani. Baba ya miƙo hannu, ya juya ta, ya ɗan ƙyasta bakinta da babban yatsa.

"Malam, mi kaka sha da wagga?"

Na ce ban gane ba, wuƙa ai ba ludayi ba ce.

"Kowace wuƙa da abin shanta," in ji shi. Ya nuna mini tasa, guntuwa mai kaurin baya. Da ita yake fasa kanwar da matarsa, Inna, ke dama mashi kunu da ita kowace safiya. Ya sa Bafulatanin ya zaro tasa daga kube, siririya mai tsini. Da ita yake feƙe maburgi, yake kankare ƙwaryar tatsa, don shi in ba fura da nono ba, bai sha komai ba a ranar.

Na yi tunani na ce ni shayi nake sha, da ita nake huda gwangwanin madara.

Bafulatanin ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. "Baba maƙeri, ka ji saniyar Malam! Ba a tatsa, sai a soke ta."

Daga ranar ya ɗauki alkawarin shiryar da ni. Duk safiya sai a aiko mini da ƙaramin ƙoƙo na nonon wata farar saniyarsa mai dogon ƙaho, wadda ya fi so a garken. Cikin wata guda na manta hanyar mai shayi.

Sai damina ta biyu ita ma ta ƙi. Aka yi shuka sau uku, rana ta ƙone ta. Gero ya zama abin aunawa da tafin hannu, kunun Baba ya tsinke har kana hango gindin ƙwarya. Babu mai kawo hauya gyara, zugazugi suka yi kwanaki ba a taɓa su ba. Nono ya ƙafe, ƙoƙona ya daina zuwa. Amma zaman la'asar bai mutu ba. Baba yakan ce wa abokinsa shanunsa sun koma ƙirare, ya kawo su ya hura wuta da su. Shi kuma ya ce maƙerin da ba ya ƙira ai tsohuwa ce mai gemu.

Inna ce ta fitar da mu. Goruba ba ta san fari ba, ga ta nan birjik a fadama. Ta sa aka tsinto mata buhu guda, ta zube mana a maƙera ta ce, "Tunda kun rasa aikin yi, ku kankare min wagga." Ta ce in ta jiƙa garin ya kwana, ta tace ta sa 'yar citta, za mu sha mu gode Allah.

Muka duƙufa. Wuƙar Baba ta yi kauri, sai zamewa take yi. Ta Bafulatanin tana ci, amma yana jin tausayinta. Ni kuwa na ce yau za ni nuna masu aikin kanti. A goruba ta uku na ji ƙas, bakin wuƙar ya yi tsalle ya faɗa cikin kaskon ruwan ƙira, aka bar ni riƙe da jar ƙota. Babu wanda ya yi mini jaje. Har Inna ta leƙo daga cikin gida don ta samu rabonta na dariya.

Bayan kamar mako biyu Bafulatanin ya zo, ya ajiye ƙaho ɗaya gaban Baba. Farar saniyar ta kwanta, ba ta tashi ba. Muka yi mashi ta'aziyya kamar ta mutum. Ya share fuska da bakin rawani ya ce, "Yi ma Malam ƙota da shi. Ya sha nononta, ta san shi."

Baba ya hura wuta a ranar. Daga wani guntun ƙarfen mota ya fitar da baki gajere mai ɗan lanƙwasa, daidai bayan goruba, ya kafa shi a ƙahon da ƙusa ɗaya yadda zai naɗe ya shige. Ba ta da kyan gani, kuma sai da ƙarfi take buɗewa. Amma in ka ɗora ta a kan goruba, garin zuba yake yi. Na zama babban makankarin gidan. Nakan ɗauki tulu guda na ruwan goruba zuwa makaranta, ɗaliban da suka fara fashi suka riƙa dawowa, ko don karatu ko don tulun, ban bincika ba.

Da abin ya tsananta, Bafulatanin ya kora sauran shanunsa kudu. Ba mu sake ganinsa ba sai da ruwa ya sauka, gero ya kai gwiwa. Wata la'asar sai ga shi ya rame, yana murmushi, da gorar nono a hannu. Baba na tsakiyar tulin hauyoyi, bai ko ɗago ba ya ce, "Wa ya bari ɓarawon kara ya shigo gari?"

Inna ta karɓi gorar. Da yake sabon gero bai iso ba, babu fura, sai ta tsiyaya nonon cikin ruwan gorubar da ta tace, ta motsa, ta kawo mana.

"Inna, wanga cin mutuncin saniya ne," in ji Bafulatanin.

"To, aje."

Bai ajiye ba. Ya shanye, ya miƙa ƙwaryar a ƙaro, yana cewa so yake ya tabbatar da laifin kafin ya kai ƙara wajen ardo.