Gidan da aka zaɓa daga Gafasa

'Yata ta fari tana aure a Ingila. Mijinta ma'aikacin asibiti ne a can, yaron kirki ɗan garin Balan, wanda tun da ya aure ta ban taɓa haɗa ido da shi ba. Idan ya zo Gaya gaisuwa, a bakin ƙofa yake durƙusawa, ni kuma ina ciki ina amsa wa bango. Ita kanta, da yake ta fari ce, ko sunanta ba na kira. Haka na taso na gani, ban kuma taɓa jin nauyin abin ba sai shekarar da za su sayi gida.

Tana da ciki a lokacin, sun gaji da haya. Gida biyu dillali ya nuna musu, ita kuma ta zagaya da ni kowanne ta waya. Na farko sabo ne dal, a wata unguwa da ake ginawa a bayan gari. Fenti fari tas, kicin yana sheƙi, kamfanin ya ce duk abin da ya lalace su za su gyara. Na ce ta leƙa da ni ta taga. Tulin yashi na gani, da gidajen da ba a rufa ba, da titi fayau, ko kare babu.

Na biyun tsoho ne, na jan bulo, matsattse. Matakalarsa tana ƙara, wani lungu na bangon falo ya sha ruwa ya yi baƙi. Amma ba ta gama nuna min tsakar gidan ba wata dattijuwar Baturiya ta leƙo ta kan shinge, tana tambayarta cikin wata nawa ne. A ƙarshen layin akwai kanti da wurin tsayawar bas, gaba kaɗan masallaci.

Ni tun a nan na gama zaɓe. Wata rana can baya yarinyar ta taɓa ce min, “Umma, in ya tafi aiki, sai in wuni ban yi magana da kowa ba.” Da dariya ta faɗa, amma maganar ta zauna min a ƙirji. Mace mai ciki na fari, babu uwa, babu ƙanwa, a kai ta dajin nan ta haihu da wa?

Surukina ya aiko ta ta tambaye ni wanne na fi so. Ina zan tsoma baki a gidan da ba ni zan biya ba? Na ce Allah ya zaɓa musu mafi alheri. Bayan 'yan kwanaki ta kira ta ce ya tsayar da sabon, za su sa hannu a mako mai zuwa. Na ce masha Allah. Na ajiye wayar, raina ya ɓaci, ban ma san da wa nake fushi ba. Maigidana ya ce in bar yaro da gidansa. Shi ba ya rasa barci a kan komai, ko gobara ake yi sai ya tambaya ko ta kai makwabta tukuna.

Da abinci ya ƙi shiga, na hau babur na tafi Gafasa wurin mahaifiyata. Na same ta a gindin ɗorawa tana ɓarar gyaɗa. Ban gama bayani ba ta miƙo hannu.

“Kira min shi.”

“Inna, surukina ne fa.”

“Naki ne. Ni mijina ne.”

Kaka ba ta da kunyar mijin jikarta, wasa ne a tsakaninsu. Na kira, na ba ta, na koma bayan rumbu inda zan ji ba za a gan ni ba.

“Angona, an ce kana can kana gina mana kurkuku?”

Na ji dariyarsa. “Hajiya, sabon gida ne, ba wanda ya taɓa kwana a cikinsa.”

“To ai shi ne abin tsoron. Idan kishiyar tawa ta fara naƙuda kana wurin aiki, fenti ne zai riƙe ta? Faɗa min gaskiya, kai wanne kake so?”

 Sai ya ce, a hankali, shi tsohon ya fi kwanta masa a rai, ga shi kusa da asibitinsu. Abin da ya hana shi, kada a ce a Gaya ya ɗauki 'yar mutane ya kai ta ƙasar waje ya sa ta a gidan gwanjo. Da ya ji Umma ba ta ce komai ba, sai ya ɗauka sabon ne zai fi fitar da shi kunya.

“Umman taka tana bayan rumbu, ta rame saboda sabon gidanka,” in ji Inna. “Ku biyun nan za ku kashe min jika da kara.”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma ina tsaye a wurin na ji wani abu ya sauka daga kafaɗata.

Tsohon suka saya. Ba zan ɓoye ba, ya ba su wahala. Tukunyar ɗumama gidan ta mutu a sanyin farko, bangon nan sai da aka kankare shi aka sake shafe, surukina har ya koyi riƙe guduma. Duk lokacin da ta kira tana mita, ina jin wata murya a bayanta, ko ta dattijuwar, ko ta wata 'yar Sudan da ke gidan da ke kallon nasu. Sai in bar ta ta yi mitarta.

Naƙudar ta zo kafin lokaci, da hantsi, yana ɗakin tiyata wayarsa a kashe. Bangon da ke tsakaninsu da makwabta ta buga. Dattijuwar ce ta sa ta a mota, 'yar Sudan ɗin ta zauna a baya tana riƙe da kanta tana yi mata addu'a.

Bayan la'asar wayata ta yi ƙara, na ga lambarsa. Bai taɓa kirana kai tsaye ba. Na ɗauka da sauri.

“Umma, an sauka lafiya. Mace ce.”

Ya kamata in ce madalla in miƙa wa babanta wayar. Sai na ji bakina yana tambaya, “Mai jegon ita kaɗai ce a wurin?”

“A'a, Umma. Makwabta sun cika ɗakin, ni ne ma ban samu wurin zama ba.”