Baitin da Aka Yanke

Bayan arba'in ɗin Inna na rubuta waƙar. Baiti ashirin da uku ce a kan darajar uwa, na rubuta ta a bayan littafin darasina na jami'a. A Gwandu mun tashi mun tarar mai waƙa yakan ajiye sunansa a baitin ƙarshe, ya roƙi addu'a wurin mai karantawa. Ni sai na sa sunan Inna kafin nawa, na roƙi duk wanda ya rera ya yi mata Fatiha. Don wannan baitin na yi sauran ashirin da biyun.

Ƙawata ɗaya na tura wa ta waya. Ita ta tura wa yayarta. Daga nan ban san hanyar da waƙar ta bi ba.

Damina ta zagayo. Ina tsince shinkafa a tsakar gida, matar yayana ta miƙo mini waya, wai in saurari wata waƙa mai sa kuka. 'Yan matan wata Islamiyya ce a Kalgo, ranar walimar sauka. Muryoyinsu sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Na bi su baiti-baiti da leɓena. Da suka iso ƙarshe, babu Inna. Sunan shugaban makarantar ne a wurin, har da na garinsu.

Kawu, ƙanen Inna, shi ya raka ni Kalgo. Na shirya wa faɗa, sai muka tarar shugaban makarantar dattijo ne mai fara'a, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa. Wannan ya fi faɗan gajiyar da ni.

"Ɗiyata, a waya na tsince ta," in ji shi. "Ilimi ai na Allah ne."

"Haka ne, Allah gafarta malam," in ji Kawu. "Ruwan rijiya ma na Allah ne, amma akan yi sallama kafin a zura guga."

Malam ya yi dariya. "To mi take so? Yara su bar rerawa?"

Na ce a'a. Da an tambaye ni, da hannu biyu zan ba da izini. Baitin ƙarshe kawai nake so a mayar.

Ya ce shi a ganinsa sutura ya yi, don sunan mace bai kamata ya riƙa yawo a bakin jama'a ba, kuma waƙa ba ta zama babu mai ita, shi ya sa ya sa nasa. Na ce Fatihar fa? Ya ɗauko biro ya ce in faɗa masa baitin. Ya rubuta, ya yi alkawarin 'yan saukar baɗi za su rera shi. Na yarda da shi. Amma wadda aka ɗauka ta riga ta shiga wayoyi, babu mai iya kiran ta ta dawo.

A hanyar komawa cikin motar haya, mun wuce Kambaza ke nan direba ya kunna waƙar. Wata mata a gefena ta share hawaye da mayafi, ta ce Allah ya yi wa malamin nan albarka. Kawu ya waiwayo ya dube ni. Na ce amin, na jingina kai da taga, na karanta Fatihar ni kaɗai.

Har yanzu ina rubutu, a hankali, ba kullum ba. Sai dai na bar ajiye Inna a ƙarshe. A tsakiya nake sa ta, in ɗaure sunanta da amsa-amon waƙar, yadda duk wanda ya cire shi sai waƙar ta warware a hannunsa.