Kajin Altine a ɗakin Dalhatu

Altine mutuniyar Dumega ce, aure ya kawo ta Dogon Dutsi. Mijinta Dalhatu ya daɗe yana haƙar zinariya can arewa, ya dawo da ƙirji cike da ƙurar dutse. Idan ya ja numfashi sai ka ji wani siririn fito, da kakari a ƙarƙashinsa. Damina biyu ta yi tana jinyarsa a ɗakinsa na bakin zaure, har Allah ya karɓi abinsa.

Da ta fita takaba, ƙanenta Luƙman ya kawo mata 'yan tsakin kajin nama daga Doso, don ta samu abin riƙe gida. Babu wurin da ya dace sai ɗakin mamacin. Ta shimfiɗa ɓawon gujiya, ta sa kaskon gawayi, ta toshe 'yar tagar da tsumma kamar yadda ta saba yi wa Dalhatu saboda sanyi.

'Yan tsakin sun fara fiffike ke nan, wata rana da hantsi tana tankaɗe a tsakar gida, sai ta ji fiton nan daga ɗakin. Rariya ta suɓuce mata. Ta daɗe tsaye kafin ta iya tura ƙofa. Ga su nan sun taru a lungu, idanu sun kumbura, suna miƙa wuya suna buɗe baki. Sautin bai bambanta da na Dalhatu ba ko kaɗan.

Maƙwabciyarta Lubabatu ta leƙo, ta saurara, ta ja da baya. "Altine, ɗakin ga ba shi da kyau. Iskar da ta kama mai gida ce ba ta hita ba."

Ranar a bakin ƙofa Altine ta zuba wa kajin abinci.

Washegari Luƙman ya ɗauko malamin dabbobi a kan babur. Mutumin na shiga, warin kashin kaji ya sa shi hawaye. Ya ce mura ce, kuma zaurin jiƙaƙƙen ɓawo da hayaƙin gawayi ne suka ƙara mata ƙarfi. A ware marasa lafiya, a kwashe shimfiɗar, a sa magani a ruwan sha, a fasa bango a yi babbar taga.

"Malam," in ji Altine, "hayaƙin ga, mutum ma shina cutar da shi?"

"Ƙwarai kuwa, Inna, in ƙirjinsa na da rauni."

Da kanta ta karɓi diga daga hannun Luƙman ta fara saran bangon.

Wasu kajin sun mutu, yawancinsu sun tashi, masu gasa kaji na bakin kwalta suka saye su. Zakara ɗaya ne bai rabu da fiton ba. Altine ta hana a yanka shi. Yana biye da ita har madafa yana kakari, ita kuwa ba ta juyowa, ba ta kuma korar shi. Da ya yi nauyi ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa, ita ke kai shi inuwa.

Ya mutu da bazara. Ta naɗe shi a tsohon zane, ta binne shi a gindin bishiyar bedi. Lubabatu ta gani ta saman katanga, ba ta faɗa wa kowa ba.