Tsabar Inna a Cikin Kwalba

Inna ba ta taɓa kiran kanta mai magani ba. Abu ɗaya ta sani, shi ma gadon kakarta ne: wata baƙar tsaba mai ɗacin tsiya da take soyawa sama-sama, ta daka, ta jiƙa a ruwan ɗumi, ta ba mai fama da tsakuwar ƙoda. Duk wanda ciwon kwiɓi ya durƙusar a layinmu, ƙofarmu ake kawo shi. Babban mashayinta kuwa Baba ne. Tun da tsakuwa ta kwantar da shi muna yara, kullum safiya sai ya sha, yana yatsina fuska yana sa mata albarka.

Da Yaya, babbar 'yarta, ta samu aiki a ɗakin gwajin magunguna, Inna da bakinta ta ce, "Kai tsabar nan ki auna, duniya ta san abin da muke da shi." Ta wanke gwangwani ta cika shi fal, tana ta ja mata kunne kamar mai kai 'ya makaranta.

Na taɓa leƙa Yaya a wurin aikin. Kwalabe ne jere a kan tebur, kowacce da 'yar tsakuwar da likitoci suka ciro daga jikin mutane, wasu cikin ruwan tsabar, wasu cikin ruwa zalla don a ga bambanci. Wata da watanni tana aunawa, tsakuwar nan ko gezau.

Ran da ta zo da labari, Yaya ta yi ta kewaye-kewaye har Inna ta gaji.

"Ke, ta narke ko ba ta narke ba?"

"Ba ta narke ba, Inna. Amma ba mu ga tsabar tana cutarwa ba."

Inna ta daɗe tana kallon tafin hannunta. "Ashe shekara da shekaru ruwan ɗaci nake ɗura wa bayin Allah."

Tausayinta ya kama ni har na ji haushin Yaya, alhali na san gaskiya ta faɗa. Ita Inna ba ta yi musu ba. Da telan layinmu ya zo dafe da kwiɓi a yammacin nan, mayafi ta yafa ta raka shi asibiti da ƙafarta. Turmin kuwa ta kife shi a bayan ɗaki.

Washegari Baba ya zauna inda ya saba, ya yi ta gyaran murya, shiru.

"Yau ba za a ba ni ba ne?"

"Malam, an auna. Ba ya yin komai."

"Wa aka ba?"

"Kwalba."

"To kwalba ce ba ta warke ba. Shekara nawa kina riga kowa tashi don ki daka mini? Wannan an auna? Masu ciwo ki kai su asibiti, ni ki ba ni nawa."

Inna ta juya baya tana share ido da bakin zane. Ba a jima ba muka jiyo ta a bayan ɗaki tana kaɗe turmi, tana mitar ƙasa ta shiga ciki.