Wayar Abokin Aikinmu

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma, ranar Litinin, mu uku ne a ofis: mai ɗakin gwajin jinin da nake wa aiki, da mutumin da ke kula mana da kwamfuta, sai ni, sakatariya. Abokin aikinmu da ke tura wa mutane sakamakon gwaji ya rasu, har an yi sadakar uku. Sai a ranar muka tuna cewa da wayarsa ta kansa yake wannan aikin. Sunayen mutane da ciwonsu duk suna ciki, kuma wayar ba ta da makulli.

Mai kwamfuta ya ce, "Yallaɓai, da imel ɗin ofis aka buɗe ta. Daga nan zan iya share ta tas."

Na ce, "Har da abin da ba namu ba?"

"Anti, ba ta zaɓe. Komai zai tafi."

Na nemi a ba ni zuwa gobe. Maigidanmu ya ce zuwa azahar, domin asirin mutane ba ya jira. Gaskiya ya faɗa.

Da safe na hau keke Napep zuwa unguwar Maisandari, gidan mamacin. Ni mace ce mai son abu bi da bi, saboda haka na fara da gaisuwa da addu'a. Sannan na nemi izinin wan mamacin, tunda wayar ta zama kayan marayu. Bayan haka na shiga wurin matar mamacin, tana takaba. Na tarar da wayar a hannun wata maƙwabciya tana kallon hotuna. Na jira har ta mayar wa matar wayar ta fita.

Da ɗakin ya rage mu biyu, matar ta ce, "Yaya, karɓe ta kika zo yi?"

Na ce a'a, na yi mata bayani. Sai ta buɗe min wani bidiyo a wayar. Ga mijin nata nan zaune a tsakar gida, 'yarsu tana ja masa hula, yana cewa, "Ke, saki, ba ta ubanki ba ce." Sai wata murya daga gefe ta ce, "To ta uban wa ce?" Ya fashe da dariya.

Ta ce, "Muryata ce. Tawa wayar ƙarama ce, ba ta ɗaukar hoto. Nan kaɗai yake magana."

Na zauna kusa da ita. Na juya fuskar wayar gefe, na goge saƙonnin masu gwaji ɗaya bayan ɗaya, da hotunan sakamakon da suka shiga cikin na yara. Na cire imel ɗin ofis. Na kira mai kwamfuta ya sauya lambar sirrin imel ɗin, na ce kada ya taɓa sauran. Ba ta leƙa ba ko sau ɗaya. Ta ce mijin nata ma bai taɓa gaya mata ciwon kowa ba. Kafin azahar na miƙa mata wayar, ta sa ta ƙarƙashin matashi.

Ba laifinsa ba ne. Mu ne muka ɗora aikinmu a wayarsa saboda ya fi mana sauƙi. Yanzu wayar aiki daban take, da makulli, kuma a ofis take kwana.

Idan kana da ma'aikata, ina roƙonka, gobe ka tambayi kowannensu abin da ke cikin wayarsa na aikinka. Ka raba shi da nasa tun yana nan, zai taya ka da hannunsa.