Tsamiyar Fatake

Maraɗi

Na bar gida bayan sallar asuba, ranar wata Asabar, shekarar da aka karya darajar kuɗinmu, sefa. Ni da abokina Mushe Idi (Mushe ake kiran malamin boko a nan), da muke koyarwa a lakwal ɗaya, muna da wani wasa. Duk kaka ɗayanmu zai ɓoye gwangwani a wani wuri mai tarihi, ya ba ɗan'uwansa kacici-kacici, shi kuma ya je nema. A wannan karon shi ya ɓoye. Ya ce mini in bi tsohuwar hanyar ayari bayan tafkin Madarumfa, inda jakuna suka sha ruwa, inuwa kuma take da tsami. Kafin in samu sukunin zuwa, zazzaɓi ya yi ajalinsa.

A tasha na biya dala sittin. Motar ba ta cika ba sai da hantsi ya ɗaga. A shingen fita gari aka karɓi kardantenmu, wato katin shaida, aka shanya mu a rana saboda fasinja ɗaya da ya manta tasa.

Madarumfa

Kilomita ashirin da 'yan kai ne, amma sai wajen sha ɗaya muka iso. Na ci soyayyen kifi a bakin tafki, na hau amalanken wani manomi mai komawa ƙauye. Hanyar shiru, rairayi da karan gero kawai. Da na ambaci tsamiya, sai ya dube ni, ya ce in tambayi Iya Gaje mai fura, gidanta na kusa da wurin.

Gindin tsamiya

Rijiyar da jakunan suka sha ruwa na nan. Tsamiyar ce babu. Kututture na tarar, faɗinsa ya isa mutum uku su yi sallah, sara kuma ɗanye. Gefe ga baƙin tabo inda aka ƙona rassa aka yi gawayi.

Iya Gaje ta miƙo mini fura, ta ce, "Ɗana, mi kake biɗa?"

Na faɗa mata. Ta tuna Idi sarai. Ya wuni yana tambayarta labarin fatake, yadda suke sauke kanwa da gishiri a nan kan hanyarsu ta Katsina, su dawo da goro. Kakanta ne ke jawo musu ruwa. A wannan inuwar ake sasanta rikicin gona, ita kanta da tsamiyar take dama kunu tun tana budurwa.

Ta ce wani mai kamiyo, babbar motar kaya, ne ya zo daga birni da masu gatari, ya nuna takardar izini. Dattawa suka roƙe shi, ya ce itace ba ya da kaka. Da bishiyar ta faɗi, gwangwani ya gangaro daga kogonta. Masu gatarin suka buɗe suna zaton kuɗi ne, suka ga guntun kanwa da busasshen goro, suka yi dariya, suka jefa wuta.

Na tona tokar da hannuna har la'asar. Ban sami komai ba. Na kakkaɓe hannuna, na yi wa Iya Gaje sallama.

Komawa

Ina kan hanya wata kamiyo ta tsaya, maƙare da itace. Direban ya ce, "Mushe, hawo in rage maka hanya."

Ban san ko shi ne ya sare tsamiyar ba, ban kuma tambaya ba. Na ce ya wuce. Da ƙafa na koma Madarumfa, na samu motar ƙarshe.

Kafin in je gidana na biya wajen Rabi, matar Idi. Ta tambaye ni ko na samo gwangwanin. Na gaya mata gaskiya. Sai ta ce ranar da ya ɓoye shi da kumburarrun ƙafafu ya dawo, yana ta dariya wai wannan karon sai na sha wuya.

Na gode wa Allah da ya maido ni lafiya, na gode wa Iya Gaje da ta ƙi karɓar kuɗin furarta. Wanda ya sare tsamiyar kuwa, ban yafe ba.